Ajin da Lauryn Hill Ta Yi Fashi: Tarihin Faifan da Ya Koya wa Gambara Zancen So

Da ƙarar ƙararrawar makaranta faifan yake farawa. Sai muryar malami tana kiran sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa. Da aka zo kan sunan Lauryn Hill, sai shiru. Malam ya sake kira, ya kuma kira, ba wadda ta amsa. Darasin ranar kuwa a kan so ne, ga shi ita ba ta zo ba. Waƙoƙin da suka biyo baya labarin yarinyar nan ne da ta yi fashin aji, duniya ta koya mata karatun da bulala.

The Miseducation of Lauryn Hill ya fito a Amurka ranar 25 ga Agustan 1998, mai shi tana da shekara 23. Shi kaɗai ne faifan sutudiyo da ta taɓa fitarwa da sunanta ita ɗaya. Amma kafin a fahimci abin da ya sa ya girgiza kasuwar waƙa, sai an san irin gidan da ya shigo ya tarar.

Kiɗan hip-hop ya tashi ne a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, kuma tun farko fagen kirari ne da nuna bajinta. Mawaƙin gambara yana riƙe makirfo ne don ya wasa kansa, ya ƙasƙanta abokin hamayya, ya ba da labarin wahalar unguwa. Zancen soyayya ba shi da mazauni mai kyau a wannan fage. Da LL Cool J ya fitar da "I Need Love" a 1987, waƙar ta yi kasuwa ƙwarai, amma da yawa daga cikin 'yan gani-kashe-nin gambara suka ce ya yi laushi, ya ba da maza. Darasin da sauran mawaƙa suka ɗauka shi ne, waƙar so guda ɗaya ta isa a faifai, a saka ta domin gidajen rediyo da 'yan mata, a koma kan abin da aka saba.

Wasu samari ne daga unguwar Queens suka fara sassauta wannan doka. Ƙungiyar A Tribe Called Quest ta riƙa tono tsofaffin fayafayan jaz na iyayensu, tana yanko gutsuren kiɗa tana ɗora ganga a kai. A 1990 suka fitar da "Bonita Applebum", waƙar zawarci mai sanyin kiɗa, wadda saurayi ke lallashi ba tare da ya ɗaga murya ba. Shekara ɗaya bayan haka suka gayyato Ron Carter, wanda ya kaɗa wa Miles Davis babbar jitar bes a shekarun 1960, ya yi musu kiɗa a faifansu The Low End Theory. A 1993 mawaƙin gambara Guru ya ƙara gaba da Jazzmatazz, inda ya zaunar da dattawan jaz irin su Donald Byrd mai busa da Roy Ayers a ɗaki ɗaya da injin ganga. A 1995 kuma Method Man da Mary J. Blige suka haɗu a waƙar so da aka gina kan tsohon amshin Marvin Gaye da Tammi Terrell, har ta ci kyautar Grammy.

Ke nan hanya ta fara buɗewa. Sai dai a kusan dukkan waɗannan waƙoƙi namiji ne ke magana, mace kuma ko dai ita ake zawarci ko ita ke amshi. Ga kuma jini da ya shiga tsakani: an harbe Tupac Shakur a Las Vegas a Satumban 1996, aka harbe Notorious B.I.G. a Los Angeles a Maris ɗin 1997. Abin da ya cika gidajen rediyo bayan nan shi ne waƙoƙin kuɗi da motoci da tufafi masu ƙyalƙyali.

Lauryn Hill ba 'yar lungun talauci ba ce, kuma ba ta taɓa da'awar haka ba. An haife ta a 1975, ta girma a garin South Orange na jihar New Jersey. Mahaifiyarta Valerie malamar Turanci ce, mahaifinta Mal kuma masanin kwamfuta ne mai rera waƙa a bukukuwa. Tana ƙarama ta gano tarin ƙananan fayafayan mahaifiyarta a ɗakin ƙasa, ta kwashe su zuwa ɗakinta: Curtis Mayfield, Stevie Wonder, Aretha Franklin, Gladys Knight, Marvin Gaye. Da su take barci. Tana da shekara 13 ta hau dandalin Apollo a Harlem, wurin da 'yan kallo ba su da kunya. Suka yi mata ihu, ta cije ta ƙarasa waƙarta, daga ƙarshe aka tafa mata. A 1993 ta fito a fim ɗin Sister Act 2 tare da Whoopi Goldberg, duniya ta fara jin muryar.

A makarantar sakandare ta haɗu da Pras Michel, ɗan asalin Haiti, shi kuma ya kawo Wyclef Jean. Su ukun suka zama Fugees. Faifansu na farko a 1994 bai yi armashi ba. Na biyun, The Score, wanda ya fito a Fabrairun 1996, ya sayu miliyoyi, kuma waƙar da ta fi ɗaga shi ita ce sabunta "Killing Me Softly" ta Roberta Flack da Hill ta rera. A nan masu sauraro suka ga abin da ba su saba gani ba: mace ɗaya da za ta kara da kowane namiji a baiti, ta juyo ta rera waƙa kamar ta tashi a majami'ar Baƙar fata ta kudancin Amurka.

A bayan fage kuwa gida na cin wuta. Akwai soyayya tsakanin Hill da Wyclef Jean, wanda ya auri wata a 1994. Shi da kansa ya tabbatar da haka a littafin tarihin rayuwarsa na 2012. A 1996 ta haɗu da Rohan Marley, ɗan Bob Marley, ta sami juna biyu. Mutanen da ke kewaye da ita suka ba ta shawarar ta duba makomar sana'arta, kada ta haihu a lokacin da tauraruwarta ke tashi. Ta ƙi. Ta haifi ɗanta Zion a Agustan 1997. A wannan shekarar ce Wyclef ya fitar da nasa faifan, The Carnival, ana ta yaba shi a matsayin ƙwaƙwalwar ƙungiyar. Hill ta ƙudura cewa nata faifan ba za a sami wani babban furodusa namiji da za a ce shi ya yi mata ba.

Maimakon manyan sunaye, sai ta tara wasu matasa daga birnin Newark da ke maƙwabtaka da garinsu: Vada Nobles mai sarrafa injin ganga, Rasheem Pugh, da tagwaye Tejumold da Johari Newton. Su ne suka zama New Ark. Injiniyan sautin shi ne Gordon Williams, wanda aka fi sani da Commissioner Gordon. Daga ƙarshen 1997 zuwa tsakiyar 1998 aka yi ta aiki, galibi a wurare uku: sutudiyon Chung King a New York, da gidanta a South Orange, da sutudiyon Tuff Gong da Bob Marley ya kafa a Kingston, babban birnin Jamaika.

Abin da ta nema a kiɗan shi ne ɗumin tsofaffin fayafayan nan na mahaifiyarta. Ta sa aka kawo kayan kiɗa na gaske, piyano da ogan da goge-gogen Turawa da kayan busa da manyan ganguna, aka kuma kawo masu kaɗa su. Ta bayyana a hirarraki cewa ba ta son sautin ya fita sumul ba tabo. Tana son a ji hannun ɗan Adam, a ji yatsa na goga tsirkiya, a ji murya ta ɗan dushe. Amma ba ta yar da injin ganga ba. Ƙarƙashin kowace waƙa akwai bugun nan mai nauyi na gambarar New York. Haɗin kenan: ƙasa gambara, sama sol da jaz da rege da waƙar majami'a.

Makaɗan da suka ratsa ɗakunan nan sun isa a yi tarihinsu daban. James Poyser na Philadelphia ya kaɗa piyano da ogan. Earl "Chinna" Smith, gogaggen makaɗin jita na Jamaika, da Dean Fraser mai busa, sun sa hannu a Kingston. Wani ɗalibin Jami'ar Pennsylvania mai suna John Stephens ya sami shiga ta hanyar wata ƙawa, aka ba shi piyano a waƙar "Everything Is Everything". Shi ne daga baya duniya ta sani da John Legend.

Ajin da ake ji tsakanin waƙoƙi ba a makaranta aka ɗauke shi ba. A falon Hill aka jera kujeru, aka tara yaran yankin, aka kira Ras Baraka, malamin makaranta a Newark kuma ɗan shahararren marubuci Amiri Baraka. Ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba. Malam yana tambaya, me ake nufi da so, wa ya taɓa faɗawa ciki, shin talabijin da waƙoƙi suna rikita wa mutane ma'anarsa? Yara suna amsawa da dariya da gardama, wani lokaci da hikimar da ta fi shekarunsu. Baraka ya zama magajin garin Newark a 2014.

Sunan faifan ma daga makaranta ya fito. Masanin tarihi Carter G. Woodson ya wallafa The Mis-Education of the Negro a 1933, inda ya yi bayanin yadda makarantun Amurka ke koya wa Baƙar fata raina kansu. Hill ta ɗauki wannan tunani ta kai shi cikin ɗaki: wane ne ya koya wa yarinya abin da za ta jure da sunan so, kuma me ya amfana da shi? Hoton bangon faifan fuskarta ce a sassaƙe kan katakon tebirin ɗalibi, salon da ke tuna wa mai kallo bangon Burnin', faifan da Wailers, ƙungiyar Bob Marley, ta fitar a 1973.

Abin da ya raba wannan faifai da na gabansa shi ne, bai ɗauki so a matsayin abu guda ba. Waƙar farko, "Lost Ones", wadda aka ɗauka a Kingston bisa amshin da aka aro daga mawaƙiyar Jamaika Sister Nancy, gambara ce zalla, habaici mai zafi ga tsohon abokin tafiya da kuɗi suka sauya wa hali. Ba ta ambaci suna ba, amma kowa ya san inda kibiyar ta nufa. Nan take sai "Ex-Factor" ta biyo, murya ta karye. Mai habaicin nan ta ɗazu ita ce yanzu ke roƙo, ta san zaman ya ƙare amma ƙafa ta ƙi tafiya. Kiɗan waƙar kansa yana da salsala: an yanko shi daga wata waƙar Wu-Tang Clan, wadda ita ma ta aro daga Gladys Knight. Jera waƙoƙin biyu kusa da juna ya nuna fushi da rauni daga maƙogwaro guda suke fitowa, abin da mawaƙan gambara maza suka daɗe suna ɓoyewa.

"To Zion" waƙar uwa ce ga ɗanta, kuma a cikinta Hill ta faɗi a fili shawarar da aka ba ta da yadda ta ƙi bi. Carlos Santana ne ya kaɗa jitar, ganga tana tafiya kamar ta fareti, ƙungiyar masu amshi tana ɗagawa a ƙarshe. A "I Used to Love Him" ita da Mary J. Blige suna karɓa-karɓa, mata biyu da so ya hana ganin laifi, suna lissafin abin da suka yi asara kafin su farka. "Nothing Even Matters" kuwa ita ce ta fi kusa da jaz: D'Angelo yana taɓa piyanon lantarki a hankali, ƙyasta yatsu na riƙe lokaci, muryoyin biyu suna ratsa juna ba gaggawa. A nan ne kaɗai faifan ya bar so ya zama hutu. Ya rufe da "Tell Him", wadda aka gina kan babin ƙauna na wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, har mai sauraro ya kasa rabe ko da namiji take magana ko da Ubangiji.

Waƙar da ta fi kowace tashe ita ce "Doo Wop". Baitin farko gargaɗi ne ga 'yan mata, na biyu ga samari, kowa ya sami rabonsa, a kan kiɗan piyano da ƙahoni irin na shekarun 1960. An raba hoton bidiyonta gida biyu, hagu bikin unguwa a 1967, dama irinsa a 1998, Hill tana rera waƙa a kowane ɓangare da shigar zamaninsa. A Nuwamban 1998 waƙar ta shiga jadawalin Billboard kai tsaye a matsayi na ɗaya, kuma a 1999 ta zama bidiyon gambara na farko da ya ci babbar kyautar MTV ta shekara.

Faifan ya sayar da kwafi sama da 420,000 a makon farko, adadin da babu wata mawaƙiya da ta kai a lokacin. Ranar 24 ga Fabrairun 1999, a birnin Los Angeles, Hill ta shiga bikin Grammy da takara a rukuni 10, ta fita da kyauta 5, ta wuce 4 da Carole King ta samu a 1972. Cikinsu har da faifan shekara, karo na farko da hip-hop ya taɓa cin wannan kyauta, gaban Madonna da Shania Twain da Sheryl Crow. A kan dandali ta buɗe Zabura ta 40 ta karanta. A watan ne kuma mujallar Time ta sa hotonta a bango.

Akwai abin lura a rabon kyaututtukan. Ban da faifan shekara da sabuwar mawaƙiya, sauran ukun duk a rukunin R&B ta ci su. A rukunin gambara, inda "Lost Ones" ta yi takara, Will Smith ne ya ɗauka. Masu shirya bikin sun ji mace tana rera waƙar so, sai suka ajiye ta a ɗakin da suka saba ajiye irinta. Har yau ana gardamar ko faifan gambara ne ko na sol, alhali ita Hill a wannan dare da bakinta ta kira shi hip-hop.

Murna ba ta daɗe ita kaɗai ba. Tun a ƙarshen 1998 matasan New Ark suka shigar da ƙara a kotu. A jikin faifan an rubuta cewa Hill ce ta rubuta, ta tsara, ta kuma shirya kusan komai. Su kuma suka ce suna da hannu a rubutu da tsara kiɗan mafi yawan waƙoƙin, an kuwa taƙaita sunayensu da haƙƙinsu. Tushen rigimar shi ne an yi aikin bisa amana, babu takardar yarjejeniya. Yanayin zaman gida da ya ba kiɗan ɗuminsa, inda wannan zai kawo bugun ganga wancan ya gyara amshi, shi ne ya sa aka kasa tantance na wane ne wane da kuɗi suka shigo. An sasanta a wajen kotu a 2001, kuma jaridu sun ruwaito cewa an biya dala miliyan 5. Masu goyon bayan Hill suna cewa furodusoshi maza sun daɗe suna sa sunansu a kan aikin yaransu ba wanda ya ɗaga gira; masu goyon bayan New Ark suna cewa laifin wani ba ya wanke na wani.

Ƙofar da faifan ya buɗe ba ta rufu ba. A 1999 ƙungiyar The Roots ta Philadelphia ta fitar da Things Fall Apart, sunan da ta aro daga littafin Chinua Achebe, da waƙar so ta "You Got Me" tare da Erykah Badu, wadda ta ci Grammy. A 2000 Common ya fitar da Like Water for Chocolate, wanda aka yi akasarinsa a sutudiyon Electric Lady na New York tare da J Dilla da Questlove da D'Angelo da James Poyser ɗin nan dai, Roy Hargrove yana busa, Femi Kuti kuma ya zo a waƙar tunawa da mahaifinsa Fela. A cikinsa akwai "The Light", wasiƙar namiji ga wadda yake so, wadda babu wanda ya ce ta rage masa ƙima a fage. Cikin shekara 13 abin da aka yi wa LL Cool J gori a kai ya zama abin yabo. A 2004 OutKast suka ci faifan shekara da Speakerboxxx/The Love Below, wanda rabinsa, ɓangaren André 3000, zancen so ne a kan kiɗan jaz da fonk.

Ita kuwa Hill sai ta ja baya. Ta rage hira da 'yan jarida, ta koma renon 'ya'ya da nazarin Littafi Mai Tsarki. A 2001 ta zauna gaban 'yan kallo kaɗan a shirin MTV Unplugged da jita ɗaya, ta rera sababbin waƙoƙi, ta yi dogayen jawabai kan yadda shahara ta zame mata kurkuku, har ta yi kuka. Da aka fitar da faifan zaman a 2002 masu sharhi suka rabu biyu, ko da yake daga cikinsa Kanye West ya samo amshin "All Falls Down". A 2013 ta yi wata 3 a gidan yari kan rashin biyan haraji. Ta ci gaba da zagayen wasanni, inda takan sauya tsarin tsofaffin waƙoƙin har wasu masoya su yi ƙorafin ba su gane su ba, ga kuma sunan da ta yi na makara.

Faifan bai jira ta ba. A 2015 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi rumbun sautukan da ƙasa ke adanawa. A 2018 Drake a "Nice for What" da Cardi B a "Be Careful" duk suka koma kan "Ex-Factor" suka ɗebo, waƙar Drake ta hau matsayi na ɗaya. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na 10 a jerin fayafayai 500 da ta sabunta a 2020. A 2021 aka tabbatar ya kai kwafi miliyan 10 a Amurka, Hill ta zama mawaƙiyar gambara ta farko da ta kai wannan mataki, sannan a 2024 Apple Music ya ɗora shi a saman jerin fayafayai 100 da ya zaɓa.

A farkon 2021 ne Rolling Stone ta tambaye ta dalilin da ya sa ba a ga faifai na biyu ba. Ta amsa a rubuce cewa tun bayan nasarar 1998 babu wani daga kamfanin da ke fitar da waƙoƙinta da ya taɓa kiran ta ya tambayi yadda za a taimaka mata ta yi wani. Ta ƙara da cewa lokacin da take yin na farko an bar ta ta gwada abin da take so, amma bayan ya yi kasuwa sai masu ruwa da tsaki suka yi yawa, kowa da buƙatarsa.